Injin da Na Sa Aka Canja wa Babur ɗin Baba

Ku yi haƙuri da shiruna na kwana tara. Wayata ƙalau take, ni ma ƙalau nake, kunya ce kawai ta hana ni rubutu. Wasunku har sun biyo ni ta saƙo suna tambaya ko an ba Eudy izinin shiga gida. Ku gyara zama, don abin da na aikata ba ya faɗuwa a layi biyu.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Dilenia, shekarata ashirin da shida, ina aiki a kantin magani a cikin garin Moca, gidanmu kuma yana can saman tudu a bayan gari. Eudy saurayina ne, bakaniken babura, garejinsa yana daidai gindin tudun. Shekara biyu muna tare amma ƙafarsa ba ta taɓa wuce get ɗinmu ba. A gidanmu saurayi ba ya shiga sai ya tsaya gaban uban yarinya ya roƙi izini. In an ba shi, sai a tura masa kujera mai lilo a baranda, a kawo masa kofi. In ba a ba shi ba, ya ci gaba da hira ta tsakanin ƙarafan get yana marin sauro a wuyansa.

Sau biyu yana zuwa roƙon. Na farko Baba ya ce haƙori na damunsa. Na biyu ya shiga wanka, bai fito ba sai da ya ji tashin babur ɗin Eudy. A na uku Mama ce ta tsaya, ta ce ranar Lahadi ƙarfe ɗaya yaron zai zo, kuma ruwan wanka ba za a ɗora ba sai yamma. Mama kenan, ita kaɗai ce tawa a gidan nan.

Sauran kuwa, akwai Gwaggo Milagros, yayar Baba, wadda ta zo hutun mako biyu tun kafin a haife ni, har yau akwatinta na ƙarƙashin gado wai tana shirin tafiya. Ita nata ɗan takarar wani Wáscar ne, ɗan ƙawarta da ke New York, mai turo hotonsa cikin ƙatuwar rigar sanyi yana jingine da motocin da ban taɓa ganin ya buɗe ko ɗaya ba.

"Ki bar mai baƙin mai a farce," in ji ta kullum. "Zai shafa miki a labule."

To yanzu ga Yarinya. Wani tsohon babur ne na Baba, ƙaramin nan mai injin saba'in, ja ne a da. Ya girme ni da shekara biyar, amma Yarinya Baba yake kiransa, kuma a gidanmu ba a ce masa shi, sai ita. A kan shimfiɗaɗɗen titi ba ta da laifi. Tudunmu ne ba ta taɓa gama hawa da mutum biyu ba. Duk ranar Lahadi in sun taso coci, Baba sai ya koma baya har bakin kantin Don Lalo don ya samu tazara, ya murɗa totur har ƙarshe, ya kwanta a kan hannuwan babur. Ta taho tana ihu, ta hau, ta hau, daidai bishiyar mangwaron da ke tsakiyar tudun sai ta yi tari biyu ta mutu. Mama ta sauka ta cire takalminta mai tsini ta riƙe a hannu, Baba ya tura, su iso gida sharkaf da gumi. Tun ina firamare ake tsokanata da wannan. Ga gwiwar Mama ta fara ciwo, kuma duk lokacin da na hango ta tana hawowa ba takalmi sai raina ya ɓaci.

Ranar Laraba ina bayan kanta saƙon Eudy ya shigo.

"Canki wa ya kawo min aiki."

"Wa?"

Sai ga hoton Yarinya a tsakiyar garejinsa. Ashe bakaniken Baba na tun fil'azal an yi masa aikin ido, dole ta sa Baba ya gangara wurin Eudy. Wai fulogi kawai za a canja, a duba inda mai yake ɗiga, zai karɓa ranar Lahadi bayan coci.

A nan shaiɗan ya zauna kusa da ni. Na rubuta: "Wannan sabon injin da ka nuna min wancan makon, zai shiga jikinta?"

"Na ɗari da ashirin da biyar? Zai shiga. Me ya sa?"

"Ka sa mata. Ranar Lahadi su hawo tudun nan su biyu har bakin get, kai kuma ka biyo baya da farar rigarka. Wane uba ne zai ce a'a?"

Bai amsa ba, kira ya yi.

"Dilenia, inji ba shi kaɗai yake tafiya ba. Birkinta na saba'in ne, sarƙarta ta saba'in ce, mai ita ma ya kusa saba'in ɗin."

"Tsoro kake ji."

"Ƙwarai kuwa. Babanki fulogi ya ce."

Abin da na faɗa bayan nan shi ya hana ni rubutu kwana tara. Na sassauta murya na ce, "Ba komai, bar shi. Dama Gwaggo ta ce Wáscar zai turo wa Baba mota." Wallahi ƙarya ce. Wáscar ko katin waya bai taɓa turo wa kowa ba. Eudy ya ce, "Ya turo jirgi ma." Ya kashe.

Kwana uku yana turo min hotuna. Ya sauke tsohon injin ya ajiye a kan kwali. Ramukan notin nan biyu da ke riƙe inji suka yi daidai da na sabon, ya yi murna har da turo min murya yana fito. Kafireta ce ta ƙi zama, sai da ya ɗan yanke gefen robar da ke kare ƙafa. Ya sake wayoyin wuta gaba ɗaya. Sabon shi ma ba shi da kuloci na hannu, don haka Baba ba zai ga baƙon abu a gabansa ba. Ya mayar da tsohuwar salansa, sannan, bisa shawarata, ya shafe sabon injin da baƙin mai da ƙasa har ya koma kamar ya shekara ashirin yana wahala.

Ranar Asabar ya rubuto: "Saura birki. Na yi odar sabbin takalman birki daga Santiago, sai Litinin za su iso. Mu bari sai Litinin."

"Litinin ba ranar neman izini ba ce."

"To zan gaya masa gaskiya kafin in ba shi makulli."

"Gaya masa mana," na ce, ina zaune a shagon gyaran gashi, kaina cikin injin busarwa, ina jin kaina mace mai dabara.

Lahadi ban je coci ba, na tsaya girki. Shinkafa da wake, kaza a miya, soyayyar ayaba, fiya har uku na yanka. Na share baranda, na goge kujerun lilo huɗu, na canja wa ta ƙarshen matashi. Na sa doguwar rigata ruwan ƙwai mai ƙananan furanni, da 'yan kunnen Mama na aure, na saki gashina da ya kwana a naɗe. Gwaggo kuwa baƙar rigar da take zuwa jana'iza da ita ta sa, ta zauna a kujerar farko da wayarta a cinya.

"Gwaggo, wa ya rasu?"

"Tukuna dai."

Abin da ya faru a gareji daga baya Eudy ya ba ni labari. Su Baba sun iso, Mama na rungume da kwalin kek da ta yi oda. Eudy ya goge hannu ya ce, "Don Fermín, akwai maganar da nake so in yi maka kafin..."

Baba ya ɗaga masa hannu. "Maganar da za ka yi na san ta. A gida za ka yi ta, ƙarfe ɗaya. Nan wurin aiki ne."

"Ranka ya daɗe, ba waccan ba. Game da babur ɗin ne. A bi totur a hankali, don..."

"Yaro, ina hawan Yarinya tun ba a haife ka ba. Ba ni makulli."

Ya buga kik sau ɗaya ta tashi da wata murya mai kauri. Baba ya juya ya kalli Mama ya ce, "Kin ji abin da sabon fulogi yake yi." Mama ta hau a karkace kamar yadda ta saba, ƙafafu a gefe ɗaya, kwali a cinya. Eudy na biye da su yana "ranka ya daɗe, ranka ya daɗe," Baba ya lallaɓa a hankali zuwa bakin kantin Don Lalo, ya juyo, ya kwanta a kan hannuwa, ya murɗa totur har ƙarshe kamar kowace Lahadi.

Mu daga baranda ƙara muka fara ji. Gwaggo ta ja tsaki ta ce, "'Yan iskan yaran nan masu ɗaga taya, har ranar Lahadi." Ta miƙe da waya za ta ɗauke su ta kai wa shugaban unguwa. Sai ga babur ya ɓullo daga kwana, tayar gaba a sama. Na ga farar rigar zuwa coci. Na ga hular Baba ta tashi ta bar shi. Na ga Mama a karkace, hannu ɗaya ya shaƙe wuyan Baba, ɗayan na rungume da kwali.

"Fermín ne," in ji Gwaggo, da wata 'yar ƙaramar murya da ban san tana da ita ba.

Suka wuce mangwaro ko kallonsa ba su yi ba. Tayar ta sauko. Na ga ƙafar Baba tana taka birki, tana takawa, Yarinya ko a jikinta. Suka zo daidai get ɗinmu, Baba ya juyo muka haɗa ido, bakinsa a buɗe, suka wuce. Bayan gidanmu titi ya ƙare, sai igiyar shanyar Doña Chicha maƙwabciyarmu, sai gonar ayabarta. Igiyar suka fara ɗauka.

Na kwasa da gudu ba takalmi. A 'yan taku ashirin ɗin nan na yi wa Allah alkawuran da ban san adadinsu ba. Da na kashe iyayena saboda kujera mai lilo fa?

Allah ya taimake ni an kwana ana ruwa, ƙasar ta yi laushi, itacen ayaba kuma ba shi da ƙashi. Uku suka kwantar. Na tarar da Baba zaune cikin taɓo, siket ɗin Doña Chicha na ciki rataye a wuyansa. Mama na zaune a kan kututturen ayaba, a karkace har yanzu, kwali a cinya. Ko ƙwarzane babu a jikinsu. Na faɗa jikinta ina kuka, ta ture ni kaɗan ta ce, "Nemo min takalmina ɗaya."

Doña Chicha ta fito da ludayi tana tambayar wa zai tayar mata da ayaba. Unguwa ta cika. Can sai ga Eudy ya iso, ya hawo tudun nan da gudu tun daga ƙasa, farar rigarsa ta manne da jiki, hular Baba a hannunsa. Shi ya ciro Yarinya daga taɓo ya turo ta har bakin get ɗinmu. A nan ya ja ya tsaya. Duk da abin da ake ciki, ƙafarsa ba ta ƙetara ba.

Baba ya tsuguna gefen babur ɗin, ya ciro hankici ya goge injin. Baƙin man ya fita, sabon ƙarfe ya haska. Ya daɗe yana kallo.

"Nawa ne?"

"Ɗari da ashirin da biyar, ranka ya daɗe."

"Fulogi na ce."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

Ina tsaye taku uku daga wurin, taɓo har gwiwa a rigata ruwan ƙwai. Eudy bai ko kalli inda nake ba. Ya ce, "Ni na sa kaina." Ni kuma, Dilenia mai baki, wadda ke faɗa da direbobin bas kan canji, na sunkuyar da kai na yi shiru. Ku zage ni, na cancanta.

"A New York ɗaure shi za a yi," in ji Gwaggo, tana danna waya. Ashe ba ta daina ɗauka ba, kuma kafin mu shiga gida hoton ya isa wurin Wáscar da duk danginmu har na Sifen.

Baba ya karɓi hularsa ya ce wa Eudy, "Je ka gida." Shi kenan abin da ya ce.

Muka zauna cin abinci. Da aka buɗe kwalin, kek ɗin ya tattare a kusurwa ɗaya, da cokali muka ci. Gwaggo ta ƙara sau biyu. Na tura wa Eudy "ka yafe min" har sau shida, ya amsa da "kin ci abinci?" Wannan ya fi zagi ciwo.

Washegari da safe ina shirin fita aiki na ji ƙarar nan mai kauri. Na leƙa taga. Baba ne shi kaɗai, yana hawowa tudun a hankali. Ya zo get ya juya ya gangara. Ya sake hawowa, wannan karon da ɗan sauri. Sau huɗu na ƙirga. A na huɗun na rantse na ga haƙoransa a waje, mutumin da ko a hoton aurensa bai yi murmushi ba.

Ƙarfe takwas da rabi saƙon Eudy ya shigo.

"Babanki yana nan. Birki ya iso, har na sa mata. Yana tambaya wai akwai na ɗari da hamsin."

Kafin in amsa wani ya biyo. "Ya ce in zo Lahadi in shigo. In SHIGO, Dilenia. Sharaɗi ɗaya, kada in kuskura in cire injin nan."

Na yi tsalle a kan gado har katako ya yi ƙara. Na ruga kicin da waya a hannu. Mama na tsaye tana kankare ƙanzon tukunyar jiya, ta ba ni baya.

"Mama, Baba ya yarda. Ya ce Eudy ya shigo ranar Lahadi."

"Na ji."

Ba ta juyo ba. Cokalin kawai ke tafiya a gindin tukunya. Murnata ta fara sanyi, sai na ga in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba.

"Mama, ni ce. Ni na matsa masa. Shi ya ce kada a yi."

"Na sani. Yaron nan yana da hankali, shi ya sa nake sonsa. Wannan wautar ta gidan ubanki ce."

"Saboda gwiwarki na yi. Na gaji da ganinki kina hawowa a ƙasa ana mana dariya."

Ta ajiye cokalin. Ta leƙa ƙofa ta tabbatar Gwaggo na can bayan gida, sannan ta rage murya.

"Na taɓa kawo miki ƙarar gwiwata? Shekara talatin Milagros na gidan nan. Ta san abin da ke cikin tukunyata, ta san abin da ke ƙarƙashin katifata. Wuri ɗaya ne kunnenta ba ya kaiwa, daga mangwaron nan zuwa get. A gida kin taɓa jin ubanki ya haɗa magana uku a jere? A can yake magana. Yana turi yana haki yana gaya min abin da ke ransa. A can muka zaɓi sunanki. A can ya yi kukan mutuwar uwarsa, don a gida bai iya ba. A can na yi Lahadi uku ina lallaɓa shi kan Eudy har ya ce to."

Na ce, "Ya ce to? Yaushe?"

"Tun wancan makon. Kek ɗin na mene ne a zatonki?"

Wato da na zauna na naɗe hannuna, da jiya Eudy yana baranda yana lilo da kofi a hannu. Daga waje ƙarar ta sake tasowa, ta hawo tudun cikin abin da bai kai minti ɗaya ba. Mama ta tsaya tana saurare har ta mutu a bakin get, sannan ta goge idonta da bayan hannu, ta ce hayaƙi ne, alhali ko murhu ba a kunna ba.

"Ubanki ya ba da izinin get," ta ce. "Baranda tawa ce, kujerun ma da su na zo gidan nan. Ranar da tsohon injin ya koma inda yake, yaron ya zo ya zauna, ni da kaina zan dafa masa kofi. Kafin nan, a'a."

"Mama, Baba ya ce in aka cire sabon..."

"Ke kika haɗa, ke za ki kwance."

Ta koma kan tukunyarta. Na fita tsakar gida, na tarar Eudy ya turo hoton riguna biyu a kan gado, shuɗiya da mai ratsi. "Wacce zan sa?"

Na rubuta: "Ina tsohon injin?"

"Wanne? Na saba'in? Babanki ya sa na kai wa Doña Chicha ɗazu, wai a madadin ayabarta. Za ta yi injin ban ruwa da shi. Har ta sa an fara kwance shi. Me ya faru?"

Doña Chicha, wadda shekara tara ba sa gaisawa da Mama saboda wata kaza.

Ina tsaye ina kallon saƙon, Mama ta ɗaga murya daga kicin, ba tare da ta leƙo ba.

"Shi ne? Me ya ce?"

"Ya ce yana gaishe ki," na ce.